Wifin otel na aiki, amma an kasa shiga reson ma'aikata: ina matsalar take?

Ma'aikatan ƙungiyoyi, bankuna da kamfanoni da ake turawa aiki Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa sun san wannan damuwa. An sauka otel, an karɓi kod ɗin wifi, WhatsApp na tafiya, Facebook na buɗewa, amma kwamfutar aiki ta ƙi haɗuwa da reson ma'aikata. Rahoton da ake jira gobe da safe ya maƙale. Mai otel ya ce intanet ɗinsa lafiya lau, ma'aikata ta ce nata ma lafiya lau. Sau da yawa dukkansu gaskiya suke faɗi.

Abin da ya sa haka shi ne, ba ta hanyar da kowa ke bi ake shiga reson ma'aikata daga nesa ba. Ana amfani da abin da ake kira VPN, wanda yake kamar rufaffen bututu tsakanin kwamfutarku da ofis: saƙo ya bi ta cikinsa ba tare da wani ya iya karantawa ba. Wifi na iya barin komai ya wuce, ya hana wannan bututu kaɗai.

Gwajin farko

Kafin ku zargi kowa, ku kashe wifin otel, ku raba wa kwamfuta intanet ɗin salularku, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom. In VPN ya haɗu, to matsalar daga otel take. In ya ƙi, ku duba kwamfutar ko ku kira ofis. Wannan gwaji na minti 2 na hana a ɓata dare ana neman laifi inda babu shi.

In daga otel ne

Abu na farko shi ne shafin shiga. Otel da dama na tare baƙo da wani shafi inda zai rubuta lambar ɗaki ko kod kafin a buɗe masa hanya. In VPN ya riga ya tashi da kansa, yakan hana shafin fitowa, shi ma kuma ba ya wucewa sai an cika shafin. Kowa na jiran kowa. Ku tsayar da VPN, ku buɗe manhajar shiga intanet, ku cika shafin, sannan ku sake tayar da shi. Ku tambaya kuma ko kod ɗin na ƙarewa bayan wasu awoyi, da na'ura nawa ya halatta. Wani lokaci salula ce ta riga ta cinye gurbin.

Na biyu shi ne ƙofofi. Kowane irin saƙo na da lambar ƙofar da yake bi. Shafukan intanet na bin 80 da 443, waɗanda kusan ko'ina a buɗe suke. VPN kuwa yakan bi wasu: IPsec na bin 500 da 4500, OpenVPN 1194, WireGuard galibi 51820. Wasu otel na rufe duk ƙofar da ba ta shafuka ba, don kada baƙo ɗaya ya kwashe ƙarfin reso. Ko dai ma'aikacin fasaha na otel ya buɗe ƙofar, ko na ofis ɗinku ya mayar da VPN ta 443, in tsarinsu ya yarda.

Na uku ya fi ruɗarwa: VPN ya nuna ya haɗu, amma takardun ofis ba sa buɗewa. Sau da yawa karon adireshi ne. Na'urorin wifi da yawa na fitowa daga kamfani da adireshin da ya fara da 192.168.0 ko 192.168.1. In otel da ofis ba su canza ba, sai su zama kamar unguwa biyu masu lambobin gida iri ɗaya: kwamfuta ta riƙa neman na'urar ofis a cikin otel. Baƙo ba zai iya gyara wannan shi kaɗai ba, aikin masanin kwamfuta na ofis ne.

Na huɗu shi ne cunkoso da wuta. Da dare kowa na ɗakinsa yana kallon bidiyo, reso ya yi nauyi. In kuma an ɗauke wuta, kafin injin otel ya tashi na'urorin wifi sun mutu, sai sun sake kunnuwa. WhatsApp na jure wannan, amma aikin da ake yi ta VPN yakan katse. Matsowa kusa da na'urar wifi, ko yin aikin da asuba, na taimakawa.

In daga kwamfutarku ne

Ku duba agogo da kwanan wata. In sun kauce, tsarin tsaro na ƙin amincewa. Haka ma lambobi 6 da wata manhajar salula ke bayarwa, masu canzawa kowane daƙiƙa 30: in agogon salular bai yi daidai ba, ba za su karɓu ba. Mai yiwuwa kuma wa'adin kalmar sirrinku ne ya cika.

Abin da bai kamata ba

Gaggawa kan sa mutum ya tura takardun ma'aikata ta WhatsApp ko imel ɗinsa na kansa. Jerin albashi ko sunayen masu cin gajiyar tallafi, in sun fita ta nan, ba a iya dawo da su. Kada kuma ku shiga kowane wifi don kawai yana ɗauke da sunan otel: kowa na iya raɗa wa na'urarsa wannan suna. Ku tabbatar da ainihin sunan a wurin masu tarbar baƙi. In kwamfuta ta yi gargaɗin cewa ba ta amince da wani shafi ba, kada ku rubuta kalmar sirri a ciki.

Kafin tafiya, ku gwada VPN daga wajen ofis, ku tambayi irinsa da ƙofar da yake bi, ku riƙe lambar wanda za ku kira, ku kuma sayi isasshen forfe na intanet a salula. Da waɗannan, abin da za ku kai wa otel ba zai tsaya ga "ba ya aiki" ba. Za ku iya cewa ga ƙofar da aka rufe.