Injin Girbi: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gonar shinkafa a Kura ko Auyo ko fadamun Argungu lokacin girbi, ya san yadda gaban manomi yake faɗuwa idan injin girbi ya yi tari sau biyu ya mutu a tsakiyar gona. Shinkafa ta nuna har ta sunkuyar da kai, tsuntsaye suna shawagi, manoma goma suna kan layi kowa ya ba da kafin alƙalami, shi kuwa direba ya shige ƙarƙashin inji yana kiran a miƙo masa sifana. Can sai a ce bel ne ya tsinke. A tura yaro Kano ya nemo, a kwana uku, wani lokacin har mako guda. Kafin bel ya iso, wadda ta bushe fiye da kima ta fara kakkaɓewa ƙasa, wadda ta kwanta cikin ruwa ta fara tsira.

Abin takaicin shi ne, bel ɗin nan ya daɗe yana ba da sanarwa. Tun ƙarshen girbin bara ya tsattsage, aka gani aka ce zai kai. Yawancin lalacewar da take tsayar da injin girbi a gona haka take: tana farawa ne a watannin da injin yake ajiye babu mai leƙa shi.

Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Anchor Borrowers a Jihar Kebbi cikin Nuwamban 2015, noman shinkafa ya faɗaɗa a Arewa, kuɗin ƙwadagon masu lauje ya hau, injinan girbi suka yawaita. Akwai ƙanana masu ƙafar roba irin ta katafila, irin su Kubota da Yanmar da Zoomlion da Lovol, waɗanda suke iya shiga fadama mai laka, akwai kuma manya masu taya irin su John Deere da Claas a manyan gonaki. Kusan duk kayan gyaransu daga waje ake shigowa da su, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Saboda haka injin da yake hannu shi ne abin riritawa.

Yadda yake aiki

Injin girbi ayyuka uku yake haɗawa a tafiya ɗaya: yanka, da casa, da sheƙa. A gabansa akwai wani abu mai juyawa da yake kwanto zangarniya, a ƙasansa jerin wuƙaƙe suna kai da komo suna yanke kara. Daga nan sarƙa ta ja abin da aka yanka zuwa cikin ganga mai haƙora, wadda take juyawa tana bugun zangarniya a jikin ragar ƙarfe har ƙwaya ta rabu da kara. Ƙwayar ta faɗa kan rariya mai girgiza, fanka ta hura iska ta fitar da ƙaiƙayi ta baya, tsabar ta hau zuwa tanki. Duk wannan bel da sarƙa da boris ne suke ɗauke da shi, kuma ɗaya daga cikinsu ya isa ya tsayar da komai.

Wata guda kafin girbi

A nan ake yin gyaran gaske. A buɗe duk murafan injin a bi bel ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsattsage, ko gefensa ya yi sulɓi yana ƙyalli, a canza shi, kada a saurari mai cewa zai kai ƙarshen kaka. A duba sarƙoƙi, a ɗaure waɗanda suka saki. A kama kowane boris a jijjiga, in yana wasa ko yana gurnani idan an juya shi, kwanansa ya ƙare. A duba wuƙaƙen gaba: wuƙa mai dakushi tana tauna kara ta girgiza zangarniya, ƙwaya ta zube tun kafin ta shiga inji. A duba haƙoran ganga, domin haƙori ɗaya da ya karye yakan sa gangar ta riƙa rawa, rawar kuma ta cinye boris.

Sannan a tanadi safaya tun farashi bai hau ba: bel na manyan wurare, wuƙaƙe, boris, filtar mai da ta iska, da kusoshi da notina. A kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna ana samun kaya iri-iri, sai dai mai saye ya tafi da lambar kayan ko tsohon da ya cire, kuma ya tuna araha ba ta ado. Boris na jabu yana iya yin kwana biyu ya ɗau zafi, in ma bai ta da gobara ba.

Aikin kowace safiya

Kafin a tayar da inji, a duba baƙin mai, da ruwan lagireto, da man haidurolik. A matsa giris a duk wuraren da littafin injin ya nuna, a fara goge bakin wurin don kada a tura ƙasa ciki. A kakkaɓe ƙaiƙayin da ya toshe ragar lagireto, domin girbin alkama a Kadawa da kwarin Haɗeja yana faɗowa ne cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Idan inji ya yi zafi, kada a buɗe murfin lagireto nan take. Ruwan da yake ciki a matse yake, yana iya fesowa ya saluɓe fuska.

Filtar iska ita ce hancin inji, kuma babu aikin da ya kai girbi ƙura. A cire ta waje a hura ta da iska marar ƙarfi daga ciki zuwa waje. Ba a wanke ta da ruwa, ba a buga ta a jikin taya, domin takarda ce, in ta huje ƙura za ta wuce ta cinye cikin inji kamar sanfefa. 'Yar ƙaramar ta ciki kuwa ba a hura ta, canza ta ake yi. Baƙin mai da awa ake lissafinsa. Kamfanoni da dama suna cewa a canza na farko bayan awa 50 a sabon inji, daga nan kuma duk bayan awa 200 zuwa 250, amma littafin injinka shi ne alƙali.

Sai batun man gas. Wanda ake saye a jarka a bakin hanya sau da yawa yana ɗauke da ruwa da ƙasa, su ne kuma ajalin famfon mai da nozul, waɗanda suna cikin mafi tsada a jikin inji. A bar man ya kwana a duro ya kwanta, a ɗebi na sama, a tace shi. A zubar da ruwan da ya taru a kofin da yake ƙasan filta kowace safiya. A cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, saboda tankin da ya kwana rabi yana yin gumi ta ciki.

Asarar da ido ba ya gani

Inji yana iya tafiya lafiya lau alhali yana barbaɗa amfanin gona a ƙasa. Idan ganga ta yi gudu da yawa, ƙwaya ta kakkarye, masu injin gyaran shinkafa su karya mata farashi. Idan ta yi sanyi, ƙwaya ta fita tare da kara. Fanka in ta yi ƙarfi ta yi waje da tsaba, in ta yi rauni buhu ya cika da ƙaiƙayi. Direban da ake biya da yawan kadada kuwa, gaggawa takan sa ya taka fiye da abin da cikin injin zai iya haɗiyewa.

Manomi yana iya gane wannan da kansa. Bayan inji ya wuce ya yi nisa, ya tsugunna a wurare uku ko huɗu, ya auna mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, ya ɗaga kara ya ƙirga ƙwayar da ta zube. Ƙwaya 1,000 ta shinkafa shanshera takan kai giram 25 zuwa 30. Idan ana samun kimanin ƙwaya 400 a kowane wurin da aka auna, to kusan kilo 100 ke nan a hekta guda, wato buhu sukutum ya tafi ga tsuntsaye da ɓeraye. Wannan ya isa a tsayar da direba a sake saiti.

Lokacin shiga gona ma yana da nasa tasiri. Shinkafa ta fi kyan yanka idan damshin ƙwayarta yana tsakanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100, sannan a shanya ta ya sauko zuwa kashi 14 kafin ajiya. A jira raɓa ta bushe, domin jiƙaƙƙen kara shi ne yake cushe ganga.

Gobara

Busasshen ƙaiƙayi, da man da yake ɗiga, da salansa mai zafi, duk a wuri ɗaya suke zaune a jikin injin girbi. Wuta takan tashi daga ƙaiƙayin da ya taru a kan salansa, ko boris da ya ƙone, ko bel da yake zamewa, ko wayar da ɓera ya ɓare. A share injin da rana tsaka da kuma bayan an tashi. A ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda guda biyu, ɗaya kusa da direba, ɗaya inda mai tsaye a ƙasa zai iya kaiwa. Idan an ji ƙauri, a fitar da inji daga cikin amfanin da ba a yanka ba in da hali, a kashe shi, sannan a duba. Bayan an tashi aiki kada a tafi nan da nan, domin wutar ƙaiƙayi tana ci a ɓoye.

Rai ya fi buhu

Mafi munin haɗarin injin girbi yana faruwa ne lokacin da ya cushe, wani ya sa hannu zai zaro kara alhali inji yana kunne. Wuƙa da sarƙa sun fi hannu sauri. Ƙa'idar guda ce: a kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu, a jira komai ya daina juyawa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin kan injin da aka ɗaga sai an sa ƙarfen tokarewa, domin tiyon haidurolik yana iya fashewa kan ya faɗo. Kada a lalubi yoyon man haidurolik da hannu. Man yana fita da ƙarfin da zai huda fata, kuma wanda hakan ya same shi a garzaya da shi asibiti ko da raunin bai kai tsinin allura ba. Da guntun kwali ake neman yoyo.

Babbar riga da rawani da gyale ba kayan kusantar inji ba ne. Mata da yara 'yan kala su dakata sai inji ya bar gonar, saboda direba ba ya ganin bayansa cikin ƙura. Kafin a ɗaga bututun juye hatsi, a ɗaga kai a duba wayar lantarki.

Rabon manomi da na bakanike

Mai gona ma yana da nasa. Ya janye ruwa kamar kwana 10 zuwa 14 kafin girbi don ƙasa ta ɗauki inji. Ya cire kututture da duwatsu da guntayen ƙarfe, ya kafa tuta a kan rijiyoyin ban-ruwa da ramuka. Mai noman iri ya nemi a share cikin injin kafin ya shigo gonarsa, in ba haka ba zai taho masa da wani iri da 'ya'yan ciyawar gonar maƙwabci.

Wajen gyara, a nemi bakaniken da ya san irin injin. Wanda ya ƙware a motar haya ba lallai ne ya san saitin ganga ba. In za a yi walda, a cire kan batir, a share ƙaiƙayi, a ajiye ruwa kusa. Inji mai ƙafar roba kuwa a ɗora shi a tirela idan tafiyar da nisa, domin kwalta tana cinye robar.

Bayan girbi

Ranar da aka yanke gona ta ƙarshe, ranar ake fara shirin baɗi. A buɗe ko'ina a fitar da ragowar hatsi, domin shi yake gayyato ɓeraye, su kuma su bi wayoyi da ci. A wanke, a bari ya bushe, a matsa giris, a shafa mai a wuƙaƙe da sarƙoƙi, a sassauta bel, a cire batir. A ajiye shi a rumfa, in babu a lulluɓe shi da tamfol yadda iska za ta riƙa shiga. Sannan a zauna da direba a rubuta duk abin da ya ba da wahala a bana, tun ba a manta ba.

Ƙungiyoyin manoma da gwamnatocin jihohi da suke sayo waɗannan injina su ware kuɗin kayan gyara da na horar da direbobi da kanikawa tun a cikin kuɗin saye. Harabar ma'aikatun gona da dama cike take da injinan da aka yi bikin ƙaddamarwa, yau ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu saboda abin da bai taka kara ya karya ba. Kai kuma manomi, kafin ka miƙa kafin alƙalami, je ka ga injin da idonka, ka tambayi yaushe aka canza masa mai, ka duba ko akwai safayar bel da tukunyar kashe gobara a jikinsa. Wahalar wata huɗu ce za ka damƙa masa.