Kaza da Lambu a Gida Guda: Gargaɗi ga Magidantan Television

Ya kai mai karatu, in kana zaune a Television, ko Kakuri, ko Barnawa, ko wata unguwa ta ƙetaren kogin Kaduna, ka san abin da ya sami mutanen nan. Masaƙar farko ta Kakuri ta fara aiki a 1957, ta ciyar da gidaje dubbai, aka rufe ta a 2002, waɗansu kuma suka bi sahunta. Tun daga nan magidanci ya gane albashi baƙo ne, abin da ke bayan ɗaki shi ne ɗan gida. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi maka bayanin abu biyu da kowane ƙaramin fili ke iya ɗauka, watau kaji da lambu. In ka sake su wuri guda, kaza za ta cinye lambu. In ka raba su da danga, kowane zai ciyar da ɗan'uwansa.

1. Danga kafin iri

Kada ka shuka ƙwaya ɗaya sai ka yi shinge. Abin da ka yi mako uku kana ban ruwa, kaza biyu sun isa su tone shi kafin ka dawo daga kasuwa. Ka raba filinka biyu, ka kewaye lambu da darni, ko zana, ko ragar waya, tsayinsa ya kai ƙafa 5. Ka toshe ƙasa da kyau, gama 'yan tsaki ta ƙarƙashi suke shiga. In akwai kaza mai tashi, ka datse gashin fiffikenta guda ɗaya, ba ya yi mata ciwo. Ka dasa zogale a jikin dangar: ya riƙe shinge, ya ba uwargida ganyen kwaɗo, ya ba kaji kore a tsakiyar rani.

2. Akurki

Akurkin da ba shi da iska kabari ne. Ka gina wanda hannunka da tsintsiya za su shiga ko'ina cikinsa. Tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4 ya isa kwanan kaza 10 da zakara 1, kuma zakara ɗaya ya ishe su. Ka bar tagogi a sama, ka rufe su da waya saboda muzuru da gafiya da maciji. Ka gicciya sanda don su hau su kwana. A zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako a ƙasa, a kwashe kowane mako. A ajiye musu toka da rairayi a inuwa su yi birgima, wannan yana rage ƙuma da ƙwarƙwata.

3. Abin da lambu ke ba kaza

Kazar gida in an bar ta da tono kaɗai, takan yi ƙwai 10 zuwa 15, ta kwanta kwana 21, ta yi renon watanni. Haka take yi kamar sau uku a shekara. In kana son ƙari, sai ka ƙara mata ci. Ka ba ta dusa da tsakin masara ko na dawa safe da yamma, ka haɗa da ɗan garin ƙuliƙuli, da gara in ka samu. Ganyen alayyafo da ya tsufa, da ɓawon kabeji, da ciyawar da ka cire, duk nata ne. Ka ƙona ƙashi da ɓawon ƙwai ka daka mata, don ɓawon ƙwanta ya yi ƙarfi. Kada ka ba ta hatsin da ya yi fumfuna, guba ne. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke.

Yawancin hasarar mai kaji a makonni 8 na fari take. Shirwa da shaho, da sanyi, da ruwan sama, su ke kwashe 'yan tsaki. Ka kife su da uwarsu cikin babban kwando, ka ciyar da su a ciki, kana matsar da kwandon kullum zuwa wuri busasshe.

Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta fitar da wata kaza da ake kira Shika Brown, wadda ke yin ƙwai fiye da 200 a shekara. Amma fa sai da cikakken abinci da kulawa. In kai sabon shiga ne, fara da ta gida, ka koyi hannu tukuna.

4. Abin da kaza ke ba lambu

Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi nesa. Saboda ƙarfin nan, in ka zuba shi ɗanye a gindin shuka sai ya ƙone ta, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa mutum zawo. To, ga yadda za ka yi. Haƙa rami mai zurfin ƙafa 3 nesa da rijiya. Zuba sharar akurki, ka bi ta da busasshen ganye, ka yayyafa ruwa, ka rufe da ƙasa kaɗan. Ka juya shi sau ɗaya a wata. Bayan wata 3, in ya yi baƙi, ya daina wari, ya yi sanyi a hannu, ya zama taki.

Ka ja fangali mai faɗin ƙafa 4, don hannunka ya kai tsakiya ba tare da ka taka ba. Damina a Kaduna takan fara wajen Afrilu, ta ɗauke wajen Oktoba. Cikinta shuka kuɓewa, da yakuwa, da rama, da kabewa, da alayyafo, wanda ake fara yanka cikin mako 4. Da hunturu kuma lokacin tumatir ne, da albasa, da latas, da kabeji, in kana da rijiya. Kada ka yi ban ruwa da ruwan kwatami, balle wanda ya fito daga wajen masana'antu. In ka fesa maganin ƙwari, kada ka ba kaji ganyen.

In ka gama cire amfani, buɗe dangar kwana kaɗan. Kaji su shiga su tone tsutsa da ƙwayar ciyawa, su bar maka taki. Nan kaɗai tonon kaza ke da lada.

5. Annobar hunturu

Yanzu mun zo ga babbar magana. Kowa ya san shekarar da ya wayi gari ya tarar da kajinsa sun sauke fiffike, suna gyangyaɗi, suna koren zawo, wata wuyanta ya murɗe, kafin mako ya zagayo akurki ya koma kango. Turawa suna kiran cutar nan Newcastle, da sunan wani gari na Ingila, kuma a 1926 aka fara gane ta. Ta fi ɓarna da hunturu. Lokacin ne kuma ake ta jigilar kaji zuwa kasuwa saboda Kirsimeti da sabuwar shekara, mai lafiya da mara lafiya cikin keji guda.

Ka sani ba ta da magani. Kafson da ake fasawa cikin ruwa, da barkono, da ɓawon itace, ba su kashe ta. Amma tana da rigakafi. Ma'aikatar likitan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa can a 1924, tana yin sa. Akwai wani iri da ake kira I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido. A yi shi cikin Oktoba kafin iska ta juya, a maimaita bayan kowane wata 4. Babba da ƙarami duk a yi musu, sai dai wadda ta riga ta kamu.

In ka sayo kaza, ko aka ba ka kyauta, ko ka kai kasuwa ba a saya ba ka dawo da ita, ware ta kwana 14 kafin ta shiga cikin sauran. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa a juji.

Akwai kuma murar tsuntsaye. A Fabrairu 2006 aka tabbatar da ita a wata gona kusa da Jaji, cikin Jihar Kaduna, wannan ne kuwa karo na fari da aka ga irinta mai tsanani cikin kajin Afirka. Tana kama mutum. Saboda haka in kaji suka fara faɗuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ka yanka, kada ka sayar, kada yara su taɓa. Ka sanar da likitan dabbobi nan da nan.

6. Ga dagatai da masu unguwa

Ranku ya daɗe, wannan aiki ba ya yiwuwa sai da ku. Kwalbar rigakafi guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, in kuwa an haɗa ta ba ta ajiyuwa. In kun sa rana, kun yi shela a masallaci da coci cewa kowa ya tsare kajinsa da safe, sai malamin dabbobi ya bi gida gida, kuɗin ya zo wa kowa da sauƙi. Ku tabbata matan gida sun ji, gama yawancin kajin nasu ne. Ku kuma kafa ƙa'ida tun kafin shuka: mai lambu ya yi danga, mai kaji ya tsare su in shuka tana ƙarama. Ƙarar da ake kawo muku a kan ɓarnar kaza za ta ragu, zumunci ya tsira.

To, mai karatu, kada ka jira ka tara kuɗin kaza 100. Fara da kaza 5 da fangali 3. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar rigakafi, da ƙwan da aka samu, da abin da ka kashe. In shekara ta zagayo, lissafin nan zai gaya maka ko ka ƙara ko ka gyara. Allah ya sa albarka.