Gargaɗi Ga Masu Tafiyar Dare

Ya ku malamai da fatake, ku sani kububuwa ta fi kura haɗari ga matafiyin dare. Kura tana gudun haske, ita kuwa kububuwa kwanciya take bisa turba, musamman da damina da kaka. Dafinta yana hana jini daskarewa. Bara wani almajirina ya taka ta ba takalmi. Ba don an garzaya da shi asibitin Kaltungo ba, da mun yi masa sutura.

To, ku riƙe fitila da sanda, ku sa takalmi mai rufe idon sawu. Wanda ta sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A kai shi asibiti nan da nan. Addu'a ba ta hana riƙon sababi. Allah Ya tsare mu, amin. Haza wasalam.