Gasar yara masu hazaƙa: basira ake aunawa ko harshe?

Duk gasar lissafi ko ta rubutu da ake shirya wa yara, manufarta ita ce a gano masu hazaƙa tun da wuri, a ba su abin da aji na yau da kullum ba ya iya ba su. Abin da za mu duba a nan shi ne harshen da ake yin gasar da shi, domin masu shirya ta ba su cika kula da shi ba.

Mu fara da gasar lissafi ta duniya, wadda aka soma a Rumaniya a shekara ta 1959 da ƙasashe 7. Kowace ƙasa tana tura ɗalibai 6 da ba su kai shekara 20 ba. Kwana biyu ake yi, kowace rana tambaya 3 cikin awa 4 da rabi, kowace tambaya maki 7, jimla 42 ke nan. Amma aikin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe, kafin buɗe ɗakin jarrabawa ake yin shi. Shugabannin tawagogi, waɗanda aka raba da ɗalibansu, su ke zaɓen tambayoyin, sannan su fassara su cikin harsunan yaransu, a baje fassarorin kowa ya duba. Yaro ya karanta da harshensa, ya amsa da harshensa. Wato manyan malaman lissafi sun yarda cewa kalma ɗaya da ba a gane ba ta isa ta ɓoye basira.

A Amurka wata hanya aka bi. Tun 1971 Julian Stanley, na jami'ar Johns Hopkins, ya riƙa ba yara ƴan shekara 12 ko 13 jarrabawar shiga jami'a, don ta ajinsu ta yi musu sauƙi har ba ta bambanta gwani da gwanin gwanaye. A 1979 ya kafa cibiya mai ba su darussan lissafi da rubutu lokacin hutu. Dabara ce mai kyau, sai dai duk da ingilishi ake yi, harshen gidan mafi yawan yaran.

A Nijar ba haka lamarin yake ba. Yarinya mai talla a kasuwar Maraɗi, in aka ce mata 350 F, nan take za ta ce dala saba'in: ta raba da 5 a ka, ba alli ba allo. In ta ce «ashirin ba biyu» tana nufin 18, ta yi ɗebewa ke nan. A ba ta takardar gasa da faransanci mai cewa «au plus 5». Ta san «plus» ƙari ne, sai ta nemi abin da ya fi 5, alhali ana nufin kada ya wuce 5. Mai gyara zai sa mata sifili a lissafi, kuma ba lissafin ne ya kayar da ita ba.

Gasar rubutu ta fi muni, inda aka mai da ita shifta. Tsohuwar ƙa'idar nan ta kuskure biyar sifili ba ta auna iya tsara labari ko kafa hujja, ƙa'idojin rubutun faransanci kawai take aunawa.

Ba daga tushe za a fara ba. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da hausa a Damagaram a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa, kuma kundin 2025 ya sa hausa harshen ƙasa. A ganinmu, takardar gasa ta firamare ta kamata ta zo da harshe biyu, gefe da gefe, kamar waɗannan shafuka. Wahalar tana ga ƙananan kalmomi. «Ou» na lissafi yana nufin wannan, ko wancan, ko duka biyun, kuma yaro bahaushe da aka ce wa «fura ko kunu» ya san ɗaya zai zaɓa. Dole mai fassara ya ƙara «ko duka biyu» a rubuce, ko da jimlar ta yi tsawo.