Mutum ɗaya, kwale-kwale ɗaya: daga ina kifin bandanmu yake fitowa?

Mu mazauna Nima da Maamobi, tsakaninmu da bakin teku a Jamestown tafiyar ƙaramar mota ce, amma da yawanmu sai a shekara ba mu leƙa ba. Kifin da muke gani a kwanduna ranar Laraba a kasuwar Nima, wanda 'yan uwanmu fatake ke ɗaura wa motoci zuwa Aflao da Paga da Bawku, mun san farashinsa sarai, amma ba mu san wahalar mai kamo shi ba.

Idan mai karatu ya yi sammako ya je Jamestown ko Chorkor, zai tarar da manyan kwale-kwale masu inji, masu ɗaukar mutum goma ko fiye. A gefensu akwai ɗan ƙarami, wanda tsawonsa bai wuce mita 4 zuwa 5 ba, mai ɗaukar mutum ɗaya tak. Daga gungumen itacen wawa ake sassaƙa shi. Mai shi ba ya sayen fetur. Filafili ne a hannunsa, wani kuma yakan kafa sanda ya ɗaura ƙyalle, iska ta tura shi.

Aikinsa da iska yake tafiya. Da asuba iska na busawa daga tudu zuwa teku, sai ta fitar da shi. Idan rana ta take sai ta juyo daga teku, ta dawo da shi gida. Wanda ya makara ya rasa ta, sai ƙarfin damtse. Shi ne matuƙi, shi ne mai jefa ƙugiya, shi ne kuma mai kwalfe ruwan da igiyar teku ta watso ciki. Guzurinsa jarkar ruwa da ɗan gari ko dokunu. Idan jirgin ya kife, ba mai miƙo masa hannu. Ranar Talata ce hutunsa, domin al'adar masuntan Ga da Fante ta hana shiga teku a ranar.

Kada a raina irin wannan jirgi. A 1955 wani likita Bajamushe, Hannes Lindemann, wanda ya yi aiki a Laberiya, ya gyara kwale-kwalen sassaƙa na can, ya sa masa ƙyallen iska, ya taso shi kaɗai daga tsibiran Kanari. Bayan kwana 65 ya isa tsibirin St. Croix a yankin Karebiyan. Babban abin da ya gallabe shi rashin barci ne, don mutum ɗaya ba shi da wanda zai karɓe shi tuƙi.

Masuncinmu ba suna yake nema ba, abin sawa a baki yake nema, kuma abin yana ƙara wuya. Kifin amane, wanda yakan cika gaɓa daga Yuli zuwa Satumba lokacin da ruwan teku ke sanyi, ya ragu ƙwarai. Dalilan a fili suke: jirage sun yi yawa, ana kamu da fitila da dare, manyan jiragen taru kuma suna kwashe har 'ya'yan kifi. A 2019 gwamnatin Gana ta rufe teku wata guda ga masu kwale-kwale don kifi ya hayayyafa, a 2021 kuma Tarayyar Turai ta gargaɗi ƙasar kan kamun da ya saɓa doka.

A nan maganar ta zo kanmu, 'yan kasuwa. Muddin muna sayen ƙananan kifin da bai isa kamu ba don arharsa, masu kwashe shi ba za su daina ba, mai ƙaramin kwale-kwale kuma sai ya ƙara nisa cikin teku, inda jirginsa bai dace ya je ba. Kafin mu biya kuɗin kwando, mu buɗe shi mu duba girman kifin. Idan 'ya'ya ne, mu bar shi, ko da ribar ranar za ta ragu.