Marafa Muhammadu Maiturare da Turawa: Nazari Kan Basaraken Bakin Iyaka

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba rayuwar Marafan Gwadabawa Muhammadu Maiturare, wanda ƙasarsa ta haɗa da yankin Illela, don a ga abin da basarake yakan samu da abin da yakan rasa idan ya dafa wa baƙin da suka ci ƙasarsa da yaƙi.

Asalinsa da Ƙasarsa

Maiturare ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku ne. A cikin shekarun 1880 ya kafa Gwadabawa ta zama ribaɗi mai tsare Sakkwato ta arewa, ya zaunar da jama'a a dazuzzukan da ke tsakaninta da Ƙonni. Wannan ƙasa ce Turawa suka zo suka yi wa rabon gado. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, sa'an nan yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka bar Ƙonni a hannun Faransa, Illela ta zama bakin iyaka.

Tsakaninsa da Ingilishi

Ranar 15 ga Maris 1903 Marafa yana cikin shugabannin yaƙin da suka tari Turawa a Giginya. Da aka ci Sakkwato, ɗan'uwansa Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi cikin Yuli. Shi kuwa Marafa ya zaɓi zama tare da talakawansa, ya bi sabuwar gwamnati. Da rikicin Satiru ya tashi a 1906, sai ya fito da mutanensa ta wajen Turawa. A 1915 aka naɗa shi Sarkin Musulmi, ya riƙe sarautar har rasuwarsa a 1924.

Misali Daga Tarihin Rumawa

Irin wannan rabuwar 'yan'uwa ta faru a ƙasar Gol, wato Faransa ta yau. Dibisiyakus, babban mutum a ƙabilar Ayduwi, ya je Rum neman taimako a kan maƙwabtansa, ya zama aminin Yuliyus Kaisar. Ƙanensa Dumnoris ya ƙi Rumawa, aka kashe shi a shekara ta 54 kafin haihuwar Annabi Isa. Abotar ta ɗaukaka Ayduwi na ɗan lokaci, amma daga ƙarshe Gol duka ta shiga hannun Rum.

Kammalawa

Haka al'amarin Marafa ya kasance. Biyayyarsa ta tsare gidansa da jama'arsa daga halaka, ta kuma mayar da sarauta gidan Atiku. Sai dai naɗi da tuɓewa sun riga sun koma hannun Gwamna, kamar yadda ya bayyana ga ɗansa Muhammadu Tambari, wanda ya gaje shi a 1924, ya sauka a 1931 bisa matsin Turawa. Iyakar da aka shata a zamaninsa kuwa tana nan tsakanin Illela da Ƙonni, tana raba dangi masu harshe ɗaya.