Ko Kun Sani? Masu Koyon Likitanci da Ciwon Damuwa

Cikin kowane ɗaliban likitanci huɗu, fiye da ɗaya na fama da alamun ciwon damuwa. Nazarin da mujallar JAMA ta Amurka ta wallafa a 2016, wanda ya tattaro bincike daga ƙasashe sama da 40, ya kai adadin kashi 27 cikin ɗari, kuma cikin waɗanda abin ya shafa kusan kashi 16 ne kacal suka nemi magani. Wani zai ce da ciwon suka shigo makaranta, amma binciken da ya bi sawun ɗalibai tun kafin shigarsu ya nuna alamun sun ƙaru ne bayan fara karatu. Ƙarancin barci da jarrabawa ba ƙaƙƙautawa ke gajiyar da su, tsoron a ce sun gaza kuma ya hana su faɗa wa kowa.